Château Margaux ta 1996: yadda za a buɗe ta da abin da za a ci da ita

Maman Rifkatu: Barkanku da yamma 'yan gida. Shawarar masu aikin otal na cikinmu nake nema. Wani tsohon likita, abokin aikin maigidana a nan Leeds, da ya yi ritaya zai tashi daga garin sai ya ba mu kwalba ɗaya ta jan ruwan inabi, ya ce ta shekarar aurenmu ce. A jikinta an rubuta Château Margaux 1996, a ƙasa kuma Premier Grand Cru Classé. Rifkatu ta duba kuɗinta a intanet ta ce ɗaruruwan fam ne, na ce ta daina yi mini wasa. To Asabar ta sama muke bikin tunawa da ranar auren, mun gayyaci mutum goma sha huɗu. Na shirya yin dafa-duka, tsire da yaji, farfesun kayan ciki, da kek. Firji zan sa ta ko ƙanƙara zan zuba a kofuna? Da wane abincin za a sha ta?

Bitrus na Jos: Mama barka da yamma. Kafin maganar abinci, ina kwalbar take a yanzu haka?

Maman Rifkatu: A saman firji a kicin, a tsaye. Tun Ista take wurin.

Bitrus na Jos: Mama don Allah ki ajiye wayar nan ki je ki sauke ta, sannan mu ci gaba. Babu wurin da ya fi saman firji muni a gidan. Injin yana fitar da ɗumi ta baya, yana kuma karkarwa dare da rana, ga tururin girki. Ki nemi wuri mai duhu mai sanyi, kamar ƙarƙashin matakala ko ƙasan durowar kaya a ɗakin da ba a kunna hita. A rumbun da nake aiki a Landan muna riƙe su a digiri 12 zuwa 14, a kwance, don ruwan ya riƙa taɓa matoshin kada ya bushe. Amma tun da saura kwana kaɗan a sha taki, ki bar ta a tsaye, zan faɗi dalili.

Idan kin sauke, ki haska ta da tocilan ki gaya mini abu biyu. Ina ruwan ya tsaya, a cikin wuya ne ko ya sauka zuwa kafaɗa? Sannan ki shafa bakin kwalbar, ki ji ko akwai danƙo ko alamar ya taɓa tsiyayewa.

Maman Rifkatu: Na sauke. Ruwan yana daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Babu danƙo, bakin a bushe yake.

Bitrus na Jos: Mun gode wa Allah. Ga kwalba mai waɗannan shekaru, wannan lafiyayyen matsayi ne. Likitan ya adana ta da kyau.

Alhaji Ƙofar Mata: Salamu alaikum. Shugaba, ina so in gane, wannan zauren na girki da neman aiki ne, ko kuwa an koma koyar da shan giya? Yawancinmu Musulmi ne, akwai yara matasa a ciki. Allah ya haramta giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya haɗa ta da caca ya ce mu nisance su.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tun da aka buɗe gidan nan an yarda na masu jin Hausa ne da ke aikin abinci da otal a Turai, Musulmi da Kirista. Maman Rifkatu Kirista ce, tambayar aiki ta yi wa masu aikin. Ba a kira kowa ya sha ba. Kana da damar yin nasiha, su ma suna da damar amsa mata. Abin da ba zan bari ba shi ne gori ko zagi.

Maman Rifkatu: Alhaji ka yi haƙuri idan na ɓata maka rai. A Wusasa na tashi, rabin dangina Musulmi ne, na san nauyin abin a wurinku.

Talatu G.: Anti, ni ma Kirista ce amma a cocinmu ba ma sha ko kaɗan. Afisawa 5:18 tana nan.

Maman Rifkatu: Talatu ƙanwata, ayar buguwa ta hana. Mu Angilika da ruwan inabi muke cin jibin Ubangiji, kuma kin san abin da ya faru a bikin Kana. Mu bar wannan sai mun haɗu.

Ɗan Damagaram: Ni Musulmi ne, ban taɓa kurɓa ba, amma a Bordo ta ƙasar Faransa nake zaune, kuma na yi shekaru ina hidimar tebur a wani gidan abinci kafin in koma tuƙa baƙi. Don haka Mama bari in gaya miki abin da ke hannunki.

Margaux ƙauye ne a yankin Médoc, arewa da Bordo, ba a cika awa ɗaya a mota ba idan an bi hanyar D2. Gidan da ke yin ruwan inabin, Château Margaux, yana ƙarshen wata doguwar hanya mai bishiyoyi dama da hagu, fari ne mai ginshiƙai huɗu, hotonsa ne a takardar kwalbarki. Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne ƙasar. Tsakuwa ce zalla, manomin gero ba zai karɓe ta ko kyauta ba. Amma tsakuwar ce dukiyar: ruwan sama ba ya kwanciya, tana riƙe zafin rana ta mayar wa inabin da dare, kuringar kuma dole ta tura saiwa ƙasa can tana neman ruwa. 'Ya'yan sai su fito ƙanana masu kaurin fata. Yawancin Médoc ma fadama ce a da, sai da injiniyoyin Holan suka janye ruwan a ƙarni na 17.

Rubutun Premier Grand Cru Classé kuwa daga 1855 yake. Sarki Napoleon na Uku zai yi baje kolin duniya a Paris, aka nemi dillalan Bordo su jera gidajen bisa daraja. Su kuwa dillalai ba ɗanɗano suka zauna yi ba, farashin da kowane gida ya saba sayarwa suka duba, suka raba su aji biyar. Huɗu ne suka shiga ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Mouton Rothschild ya shiga cikinsu a 1973 bayan mai gidan, Baron Philippe, ya yi shekaru yana naci, kuma Jacques Chirac ne ministan noma da ya sa hannu.

Abba Kimiyya: Wato dai jerin farashi ne na shekara 170 da suka wuce ake ta bautawa.

Ɗan Damagaram: Da gaskiyarka ta wani ɓangare, ƙanena. Suna ba ya hana gida lalacewa. Margaux ɗin nan ma ya yi rauni daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Wani ɗan Girka, André Mentzelopoulos, mai shagunan Félix Potin, ya saye shi a 1977, ya gyara magudanan ruwa da gonar, ya ɗauko Farfesa Émile Peynaud na Jami'ar Bordo ya riƙa ba su shawara. Daga girbin 1978 gidan ya farfaɗo. Ya rasu a 1980, 'yarsa Corinne ta ci gaba. Wanda ya jagoranci yin ta 1996 kuwa Paul Pontallier ne, ya rasu a 2016. Har yau idan na kai tsofaffin masu saye wurin, sunansa suke fara ambata.

Alhaji Ƙofar Mata: Ɗan Damagaram, kai da kake salla, ka san hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito. Mutum goma aka la'anta a kan giya, ba mai sha kaɗai ba. Har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai zuba wa wani, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta.

Ɗan Damagaram: Na sani Baba Alhaji, kuma hadisin nan ne ya fitar da ni daga aikin tebur, alhali albashinsa ya fi na tuƙi. Yanzu mutane nake ɗauka, ba kwalabe ba.

Alhaji Ƙofar Mata: Ina kake kai mutanen?

Ɗan Damagaram: Tashar jirgi, otal, bakin teku, da gonakin inabi. Na san inda ka dosa. Na tambayi malamai biyu, amsarsu ba ta zo ɗaya ba. Ka sa ni a addu'a Allah ya buɗa wata ƙofar.

Alhaji Ƙofar Mata: Allah ya buɗa. Na faɗi nawa, na fita daga wannan maganar.

Bitrus na Jos: To Mama, mu dawo kan teburinki, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A jerin abincin da kika lissafa babu ko ɗaya da zan haɗa da wannan kwalba. Ƙanƙara kuwa a manta da ita gaba ɗaya.

Mafi yawan inabin da ke ciki Cabernet Sauvignon ne, da ɗan Merlot da wasu kaɗan, kuma 1996 shekara ce da Cabernet ya nuna sosai a Médoc. Irin wannan inabin yana da bauri, kin san yadda baki yake ɗaurewa idan an tauna goro. Daga fatar inabin da ƙwayarsa baurin yake fitowa, da kuma sabuwar gangar katakon ok mai lita 225 da ake ajiye shi a ciki wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Baurin nan ne ya sa yake iya kai shekara talatin bai mutu ba. Da tsufa yana laushi, ƙamshi iri-iri yana fitowa, kuma ƙamshin nan ne ake biyan kuɗinsa. To yaji yana rufe shi ruf. Ki ci tsire ɗaya da yajin ƙuli, ki kurɓa, abin da za ki ji ɗaci ne da zafi kawai. Farfesu ya fi haka. Kek kuma zaƙinsa zai sa ruwan inabin ya koma tsami a baki.

Abba Kimiyya: A nan ina bayan Yaya Bitrus. Sinadarin da ke sa barkono zafi da barasar da ke cikin abin sha, jijiyar jin zafi ɗaya suke tsokana a harshe, don haka kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi. Bauri kuma abin da ke faruwa shi ne sinadarin tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, sai santsin baki ya tafi. Idan akwai nama da kitse a bakin, sai abin ya yi sauƙi. Dalilin haɗa shi da jan nama ke nan, ba wai iyayi ba ne.

Hajiya Mai Tuwo: Ni ban san komai a kan kwalbarku ba kuma ba na nema, amma na san biki. Maman Rifkatu, a cikin mutum goma sha huɗun nan akwai Musulmi?

Maman Rifkatu: Akwai Hajiya. Ƙanin babana da matarsa za su zo daga Manchester, da maƙwabtanmu biyu.

Hajiya Mai Tuwo: To kin gani. Ba za su ce miki komai ba saboda kunya, amma za ki sa su a tsaka mai wuya, domin mu an hana mu zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ki yi bikinki yadda kika tsara, da dafa-dukarki da tsirenki, ki haɗa zoɓo mai citta da kanumfari da abarba, kowa ya ci ya sha ya yi muku addu'a. Kwalbar ku buɗe ta wata rana ku kaɗai.

Bitrus na Jos: Hajiya ta riga ni, kuma ko ta fuskar aikina amsar ke nan. Kwalbar santilita 75 ce. Idan aka zuba mililita 125 a kowane kofi, kofi shida ne. A raba wa mutum goma cikin hayaniya da kiɗa, kowa zai samu maƙwarwa biyu, ya haɗiye yana hira, shi ke nan an gama. Ku zauna mutum huɗu ranar Lahadi da yamma. Ke, Baba, Rifkatu, in kuma likitan bai yi nisa ba ku kira shi. Mutumin da ya riƙe kwalba shekara da shekaru ya bayar, zai so ya ji yadda ta zama.

Maman Rifkatu: Wannan kam ban yi tunaninsa ba. Yana Harrogate, ba nisa. To me zan dafa?

Ɗan Damagaram: A can Médoc abin da suke ci da shi ɗan rago ne. Na garin Pauillac ya yi suna, wanda bai bar shan nono ba, namansa fari-fari mai laushi. Ko kuma tsokar haƙarƙarin sa da ake gasawa a kan busassun rassan inabin da aka sare lokacin sanyi, a barbaɗa yankakkiyar ƙaramar albasa a kai. Babu wani haɗi mai yawa. Gishiri, masoro kaɗan, wuta.

Bitrus na Jos: Cinyar rago, a gasa ta ya zama cikin da sauran ja-ja.

Hajiya Mai Tuwo: A'a Bitrus, kada ka sa baiwar Allah ta kai wa mijinta ɗanyen nama. Mutumin Zariya ne fa, zai ture farantin. Maman Rifkatu, ki sayi kafaɗar rago da ƙashinta. Ki tsattsaga ta da bakin wuƙa ki cusa tafarnuwa, ki shafe da gishiri da man zaitun da ɗan masoro, ki shimfiɗa albasa a ƙasan tire ki ɗora ta a kai, ki zuba ruwa kofi ɗaya, ki rufe da takardar foyil. Obin digiri 160, awa huɗu. A rabin awar ƙarshe ki buɗe ki ƙara wuta ta yi ja. Da cokali za a riƙa ɓare ta. Romon da ya taru ki kwashe man sama ki tace, ya ishe ki miya. Dankalin turawa gasasshe a gefe. Attarugu da kori da dunƙule duk ki ɓoye su ranar.

Bitrus na Jos: Na sallama Hajiya, kafaɗar ta fi dacewa da gidan. Abin da zan ƙara: a guji miyar na'ana'a mai binega da Turawan Ingila suke ci da rago, a guji salak mai lemon tsami. Naman kaza soyayye da man shanu yana tafiya da tsohon ruwan inabi ƙwarai. Idan kofi bai ƙare ba bayan nama, a kawo cuku mai tauri, Comté ko tsohon Gouda. Kada a kawo mai shuɗin nan, ƙarfinsa ya yi yawa.

Yanzu buɗewa, wanda nan ne aka fi yin ɓarna.

Dalilin da na ce ki bar ta a tsaye: cikin shekarun nan launi da tanin sun dunƙule sun zama laka-laka. Ba ta cutarwa amma tana da ɗaci da tsakuwa-tsakuwa a baki. Kwana biyu a tsaye ba a taɓa ba, duk za ta kwanta a gindi. Ranar da za a sha, a ɗauko ta a hankali, kada a kaɗa.

Sanyinta ya zama digiri 16 zuwa 18. Turawa suna cewa a sha jan ruwan inabi da ɗumin ɗaki, amma ɗakunan da suke nufi na dā ne marasa hita. Falon da ke digiri 22 ya yi zafi, barasar ce za ta fara bugun hanci. Idan inda kika ajiye ta da sanyi, daga can sai tebur. Idan babu, minti ashirin a ƙofar firji a tsaye ya isa. Gara ta ɗan fi sanyi, za ta ɗumama a kofi.

Matoshin ya tsufa, yana iya karyewa. Ki yanke dalmar da ke bakin, ki goge da tsumma mai tsabta. Akwai wani mabuɗi mai harshe biyu sirara da ake zurawa ta gefe da gefe tsakanin matoshi da gilashi, a murɗa a jawo, Ah-So ake ce masa, ba shi da tsada. Idan mai murɗi kawai gare ku, a murɗa shi har ƙasa, a ja a hankali ƙwarai, kada a bari ya yi ƙara. In ya farfashe ba a yi asara ba, a tace da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu.

Sai a juye a tulun gilashi. A kunna tocilan ɗin waya a ajiye a ƙarƙashin wuyan kwalbar, a riƙa zubawa siriri ba tsayawa, ido yana kan wuyan. Da an ga baƙin zare na laka ya iso, a tsaya. Abin da ya rage a gindi, kamar rabin ƙaramin kofi, a bar shi. Ni zan ba shi awa ɗaya a tulun kafin a zauna.

Ɗan Damagaram: A nan zan ja da kai Bitrus. Ubangidana na dā ba ya yarda tsohon ruwan inabi ya zauna a tulun gilashi. Yakan ce ra'ayin Peynaud ne: ana juyewa ne don laka kawai, kuma dab da za a sha, domin iska tana kwashe ƙamshin da aka yi shekaru ana jira. Na sha tsayawa a bayan tebur ina jin ƙamshin yana tashi a minti goman farko, zuwa ƙarshen cin abinci ya dushe.

Bitrus na Jos: Haka Peynaud ya ce, kuma da kwalbar 1960 da wani abu ce zan bi shi ido rufe. Amma 1996 tana da sauran ƙarfi, waɗanda na buɗe a wurin aiki sai da suka sha iska kafin su saki jiki. Ga sulhu: Mama ku buɗe awa ɗaya kafin abinci, ku zuba kaɗan ku ɗanɗana. Idan ƙamshi ya cika hanci nan take, ku mayar da matoshi ku jira, ku juye dab da zama. Idan kun ji shi shiru, baki yana ɗaurewa, ku juye a lokacin. Iskar da ba a ba shi ba ana iya ƙarawa a kofi, wadda aka riga aka ba shi ba a iya janye ta.

Ɗan Damagaram: Wannan na yarda.

Maman Rifkatu: Ba mu da tulun gilashin, sai jug na ruwa. Kuma in mun ɗanɗana me za mu nema? Ni iyakata na coci.

Bitrus na Jos: Jug ɗin gilashi ya yi, a ɗauraye shi sosai da ruwan zafi kada ya yi warin sabulu. Kofuna masu ƙafa masu faɗin ciki, a zuba kashi ɗaya cikin uku kawai don a samu wurin juyawa. A riƙe ta ƙafar.

Ki karkata kofin a kan farin ƙyalle ki dubi gefen ruwan. Sabo shunayya-shunayya yake, na wannan shekarun tsakiyarsa ja ne mai duhu, gefensa ya fara komawa kalar jan bulo. Idan ya zama ruwan ƙasa gaba ɗaya, zafi ya taɓa shi. Ki sansana kafin ki juya, sannan ki juya ki sake. Ɗan itacen da ake yin Ribena da shi, shi ne ƙamshin farko da aka san Cabernet da shi. Bayansa akwai na fensir da aka fiƙe, busasshen ganyen taba, wani lokaci fata ko ƙasa bayan ruwa. Margaux kuma an san shi da wani ƙamshi na fure a sama, shi ya bambanta shi da irin su Latour masu nauyi. Ki kurɓi kaɗan, ki bar shi ya zagaya baki, ki haɗiye, ki yi shiru ki ji tsawon lokacin da ɗanɗanon zai ɗauka kafin ya ɓace. A wurina nan ne babban gida yake nuna kansa. Na kanti yana ɓacewa da an haɗiye.

Abu ɗaya da za ki yi tsoro: idan kika ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ruwa ya shiga aka rufe, matoshin ya ɓata shi, kuma babu gyara.

Abba Kimiyya: Sinadarin TCA ke nan. Yana samuwa idan wani naman gwari ya haɗu da sinadarai masu kulorin a ɓawon itacen da ake yin matoshin. Ɗan mitsitsi ne, nanogiram kaɗan a lita hanci yake kamawa. Ba ya cutar da jiki.

Amma Yaya Bitrus, maganar fure da fensir ɗin nan, ka san gwajin da aka yi a Jami'ar Bordo a 2001? Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka rina farin ruwan inabi ya zama ja da launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin. Ɗaliban suka riƙa siffanta shi da kalmomin ja. Yanzu ka riga ka gaya wa Mama abin da za ta ji, ta kuma san kuɗin kwalbar. Ko me ke ciki za ta ji fure.

Bitrus na Jos: Gwajin gaskiya ne, a ajin WSET, kwas ɗin koyon aikin ruwan inabi, ma an kawo mana shi. Akwai ma na Paris a 1976, inda manyan masana Faransa suka ɗanɗana ba su ga takarda ba, suka ɗora Stag's Leap ta Kalifoniya a kan Mouton da Haut-Brion. Ido da suna suna jan harshe, ban musa ba. Amma abin da gwajin ya nuna shi ne ana iya ruɗin mutum, bai nuna duk kwalabe ɗaya suke ba. Ko bambancin ya kai ɗaruruwan fam? Tsakanina da Allah, ba na jin ya kai. Gidan yana da na biyu, Pavillon Rouge, wanda kuɗinsa bai kusa na babban ba, kuma mutane da yawa ba za su raba su ba. Sauran kuɗin na suna ne da ƙarancin kaya. Mama dai kyauta aka ba ta.

Abba Kimiyya: To a gwada mana. Mama ki sayi Bordo ta fam goma sha biyar, Rifkatu ta zuba biyun a ɓoye, ku ga ko Baba zai gane.

Maman Rifkatu: Kai Abba, so kake in kunyata mijina a gaban likita? Rifkatu dai ta karanta ta ce sai an yi.

Bitrus na Jos: In za a yi, a fara da mai arahar. Kuma kada a bar ragowar babbar zuwa jibi. In ta rage, a toshe a sa a firji, a ƙarasa washegari.

Hajiya Mai Tuwo: Kwalbar da ta ƙare fa? Na ga ana sayar da wofinsu a intanet, na yi ta mamakin mai sayen kwalba ba komai a ciki.

Bitrus na Jos: Masu jabu ne Hajiya. Su cika ta da mai araha, su sa sabon matoshi, su sayar a matsayin ta asali. Wani ɗan Indunisiya, Rudy Kurniawan, ya yi shekaru yana haɗa na jabu a gidansa a Kalifoniya yana sayar wa attajirai a gwanjo, har aka kama shi a 2012, aka yanke masa shekara goma a 2014. Shi ya sa a gidajen abinci da yawa ake lalata takardar manyan kwalabe kafin a zubar. Mama, in za ki ajiye taki don tunawa, ku rubuta kwanan wata da sunayenku a kan takardar da alƙalamin da ba ya gogewa. In ba za ki ajiye ba, ki kankare takardar kafin ki kai ta kwandon gilashi.

Hajiya Mai Tuwo: Maman Rifkatu, kafaɗar ki ce wa mahauci kilo biyu, kuma kada ya cire kitsen sama. Zan turo miki awon zoɓon na mutum goma sha huɗu ta akwatinki.